Jirgin fanka a fadamar Everglades: kallon namun daji ne ko korarsu?

Baban Hanif: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na yi alkawarin labari, to ga shi. Ranar Asabar da muka gama kwas ɗin da ya kawo mu Mayami, abokan aiki suka ja ni zuwa Everglades, wata makekiyar fadama a kudancin jihar Fulorida ta Amurka. Titin da ake kira Tamiyami muka bi. Ba mu yi awa guda ba benaye suka ɓace, sai ruwa da ciyawa iya ganinka. A bakin titin nan ake hawa abin da suke kira eyabot. Ni dai jirgin fanka na raɗa masa.

Ku ƙaddara wani babban faranti mai shafaffen gindi, an jera benci a kai. A bayansa an girke inji, an ɗaura masa farfela irin ta jirgin sama, an rufe ta da kejin ƙarfe. Ba abin da ke juyawa a cikin ruwa, iska ce kawai take tura shi, shi ya sa yake sulɓewa a kan ciyawa da ruwan da bai kai gwiwa ba. Direba yana can sama kan doguwar kujera kamar yaron da aka ɗora a rumfar korar tsuntsu. Kafin mu tashi aka raba mana abin toshe kunne. Na ce a raina wannan kuma iyayi ne. Da ya taka totur sai da na nemi gafarar mutanen.

Gudun akwai daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma ga abin da ya tsaya mini. Duk tsuntsun da na gani, bayansa na gani, yana tserewa. Sai da direba ya kashe inji a wata kwana, wuri ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, sannan wani kada ya ɗago idanu kusa da mu, wasu tsuntsaye suka dawo suka sauka. Wato abin da muka biya kuɗi mu gani, sai da jirgin ya yi shiru muka gan shi. To kallon dabbobi muka je ko korarsu?

Ɗan Auta: Yaya, kafin a shiga falsafa: ka yi salati sau nawa da kadan ya ɗago? Tsakaninka da Allah.

Baban Hanif: Auta ka kiyaye ni. Sau uku ne, kuma a ɓoye.

Anti Mai Jinya: Wa alaikumus salam. Baban Hanif ka shigo jiharmu ba ko sallama, Allah ya shirye ka. Na daɗe a nan, duk baƙon da ya zo mini daga gida sai na kai shi fadamar nan, har na gaji da hawa jirgin. Maganarka gaskiya ce, amma rabinta ka faɗa. A watan nawa ka je? Yanzu damina ce a nan, daga Mayu zuwa wajen Nuwamba. Ruwa ya bazu ko'ina, dabbobi sun warwatsu, kowa ya kama gabansa. Mai son ganin kada da tsuntsaye da rani yake zuwa, Disamba zuwa Afrilu. A lokacin ruwa ya ja baya, kifi ya taru a 'yan kududdufai, duk mai cin kifi dole ya zo nan. Ga shi babu sauro sosai. Sauron damina na Everglades kuwa, wanda bai ɗanɗana ba ya yi shiru kawai.

Kawu Na Gashuwa: Ikon Allah. 'Yata, abin da kika faɗa ai shi ne karatun da muka tashi da shi a bakin Komadugu. Ba a neman kifi da cikar ruwa, sai ya fara janyewa. Amma ni tambayata ga Baban Hanif: wannan jirgi yana da burki?

Baban Hanif: Kawu, babu burki, babu ribas. Na tambayi direban da bakina. Ya ce in yana son tsayawa sai ya saki totur tun daga nesa, ko ya juya jirgin ya ba shi iska ta ɗaya gefen. Abin juya shi ma wasu faifai ne a tsaye bayan fankar, su ke karkata iskar. In ba ka ba shi wuta ba, ba zai juyu ba.

Kawu Na Gashuwa: To Allah ya tsare. Ni da gorata da kwale-kwalena, in na ce tsaya ya tsaya.

Injiniyan Ruwa: Ina biye da ku tun ɗazu. Ku ba ni dama in ɗan tsawaita, don akwai abin da ake yawan kuskurewa game da wurin nan. Everglades ba tabki ba ne, ba kuma ruwan kwance ba ne. Kogi ne, sai dai faɗinsa ya kai kusan kilomita 100, tsawonsa kamar kilomita 160, kuma tafiyarsa a hankali take har ido ba ya gani. Asalinsa, in damina ta yi, tabkin Okichobi yakan cika ya tumbatsa ta bakinsa na kudu, ruwan ya malala cikin ciyawa har ya faɗa teku. Shi ya sa suke masa kirari da kogin ciyawa.

Sai mutum ya sa hannu. A 1928 guguwa ta kora ruwan tabkin kan garuruwa, mutane aƙalla 2,500 suka rasu, daga nan aka kewaye tabkin da ganuwa. A shekarar nan dai aka kammala titin Tamiyami da Baban Hanif ya bi, wanda ya ratsa fadamar daga gabas zuwa yamma ya zama tamkar madatsa. Aka haƙa magudanai, aka busar da ƙasa aka shuka rake, aka gina unguwanni. Kusan rabin fadamar ta asali ta tafi. An buɗe gandun ƙasa na Everglades a 1947, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1979, amma shinge ba ya hana ƙishirwa in an tare ruwa daga sama. A 2000 majalisar dokokin Amurka ta amince da wani gagarumin shiri na mayar da ruwan hanyarsa, kuma har yau ana kan aikin. Cikinsa har da ɗaga wasu sassan titin nan a mayar da su gada, ta farko aka gama a 2013, don ruwa ya wuce ta ƙasa.

Saboda haka in za a lissafa masu laifi a kan dabbobin wurin, jirgin fanka yana can ƙasan takarda.

Baban Hanif: Injiniya na ji, kuma na ƙaru. Amma kasancewar wani ya fi ka laifi ba ya wanke ka. Na ga hanyoyin da jiragen suka yanka a cikin ciyawa, sun zama kamar burtali. Kuma ƙarar nan, ni da na toshe kunne ma sai da kaina ya yi ciwo, ina ga tsuntsuwar da take kwance kan ƙwai?

Injiniyan Ruwa: Ban wanke shi ba. Hukumar gandun ma ba ta wanke shi ba, shi ya sa a mafi yawan gandun an hana shi shiga sam. Inda aka bari shi ne wani yanki na gabas da aka ƙara wa gandun a 1989, wanda dama can mutane suna wannan sana'a a ciki, kuma kamfanoni uku kawai aka ba izinin ɗaukar 'yan yawon buɗe ido, a kan hanyoyin da aka shata musu. Sauran da kake gani suna aiki ne a wajen iyakar gandun.

Anti Mai Jinya: Kuma kar a manta da masu wurin. 'Yan ƙabilar Mikosuki da Seminol suna cikin fadamar nan tun zamanin da sojojin Amurka suka yi ta yaƙarsu a ƙarni na 19, suka shige ciki suka ƙi fita. Akwai 'yan tsibirai masu itatuwa a tsakiyar ciyawar, a nan suka yi rumfunansu na ganyen kaba, ba bango. Yau da dama daga cikinsu da jirgin nan suke ci da iyali, da shi suke zuwa tsibiran kakanninsu. Ni in zan kai baƙo nasu nake zaɓa. Mutumin da aka haifa a wuri daban yake nuna maka shi. Wanda na hau nasa bara, minti kaɗan ya yi yana gudu, sauran lokacin inji a kashe, yana nuna mana ramin da kada ya haƙa.

Ɗan Auta: Kada yana haƙa rijiya kenan? Anti a dai riƙa sassautawa.

Anti Mai Jinya: Auta, wanda bai fita ba shi ke musu. Da rani kadan yakan yi amfani da baki da ƙafa da wutsiya ya share laka ya yi kududdufi. In ko'ina ya bushe, nan ne ruwa ke saura. Kifi, kififfiya, tsuntsaye, duk a nan suke tsira har damina ta dawo. Yana cin wasu daga ciki mana, kuɗin haya ne.

Kawu Na Gashuwa: Injiniya, wata kalma ka faɗa da ta hana ni tashi in yi alwala: an tare ruwa daga sama. Ɗana, ai labarinmu ka bayar. Ina yaro, in kogin Haɗeja da na Jama'are suka kawo ruwa, daga Haɗeja har Nguru har Gashuwa fadama ce shimfiɗe. A yi shinkafa, ruwa ya janye a yi kifi, a shuka a danshi, Fulani su kawo shanu. Wuri ɗaya, abinci uku. Aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992. Ban ce ba su yi amfani ba, Kano tana sha, Kadawa tana noma. Amma mu na ƙasa mun ga canji. Sannan ga kachalla ta zo ta toshe hanyoyin ruwa, inda muke wucewa da kwale-kwale yau ko kare ba ya ratsawa, ta zama gidan tsuntsun jan-baki mai cinye mana hatsi.

Baban Hanif: Kawu wallahi na ga kachalla a can! Ita ce sak, mai kan nan kamar gero. Direban ya nuna mana ita yana tsaki, ya ce tana korar ciyawar wurin ta asali, wata mai kaifin baki kamar zarto.

Injiniyan Ruwa: Dangi ɗaya ne, amma a lura, abin da ya ba ta ƙarfi ya bambanta. A Everglades babban dalili taki ne. Fadamar ta saba da ruwa marar gishirin taki, sai ruwan gonaki ya riƙa kawo sinadarin fosfaras, kachalla ta samu abinci ta fi ƙarfin ciyawar gida. A Haɗeja da Nguru kuwa yanayin zuwan ruwan ne ya canza. Da can ambaliya ce ta 'yan watanni sannan ƙasa ta bushe ƙurmus, kachalla ba ta jure wannan. Da madatsai suka sa ruwa yana gangarowa kaɗan-kaɗan duk shekara, ga yashi ya cike magudanai, sai ta samu wurin zama.

Kawu Na Gashuwa: Ko ma dai mene ne, hannun ɗan Adam ne. Su aƙalla sun ɗaga titi.

Maman Walida: Ni fa duk wannan bayani bai shiga kaina ba tunda aka ambaci kada. Baban Hanif, jirgin ba shi da gefe mai tsawo, ga kada a kusa. In ya yi tsalle ya shigo fa? Kuma da yara ake zuwa?

Anti Mai Jinya: Ƙanwata kwantar da hankalinki. Irin wanda ake gani a wurin shi ne aligeto, baƙi-baƙi mai faffaɗan baki, kuma bai kai kadan kogunan Afirka faɗa ba. Yawanci gudun mutum yake yi. Akwai kada na biyu mai siririn baki da haske-haske, shi a bakin teku yake, wajen ruwan gishiri. Kudancin Fulorida ne kaɗai wuri a duniya da waɗannan biyun suke zaune tare. Abin da ke mayar da aligeto mugu shi ne a saba masa da abinci daga hannun mutum, shi ya sa ba shi abinci laifi ne a dokar jihar. In kika ga kada yana nufo jirgi da kansa da zarar an tsaya, to ki sa alamar tambaya, wani yana jefa masa abu a ɓoye. Yara ana zuwa da su, a sa su a tsakiya, a toshe musu kunne da kyau, hannu kuma ba ya fita waje. Hatsarin da aka fi samu ma ba na kada ba ne, na karo ne ko kifewa. Tun 2019 doka ta wajabta wa duk direban da ke ɗaukar fasinja da kuɗi ya yi kwas na musamman.

Maman Walida: Anti na gode, amma ni daga bakin titi zan tsaya in riƙe muku jaka.

Baban Hanif: Maman Walida, bakin titin ma suna nan kwance a magudana. Gara ki zauna a mota.

Ɗan Auta: Tambaya ga Malam. Yaya ya turo mini hoton wani shago a wurin, ana sayar da soyayyen naman wutsiyar kada. Ya halatta ko a'a? Don na san halin mutumina da suya.

Malam Na Zaure: Auta ba ka rabo da tsokana. Mas'alar akwai saɓani. A mazhabarmu ta Malikiyya dabbar ruwa halal ce, kuma malamanmu sun sa kada a ciki duk da yana daɗewa a tudu. Hanafawa kifi kawai suka halatta daga ruwa. Shafi'awa da Hambalawa, abin da ya fi shahara a wurinsu shi ne haramci. Sai dai matafiyi a can ya kula da wani abu daban: man da aka soya shi, da abin da aka soya a cikinsa kafin nan. Allah ne mafi sani.

Baban Hanif: Malam a shaida, ban ci ba. Ba don fiƙihu ba, zuciyata ce ta ƙi. Yanzu muka gama kallon juna da shi.

Mai Kallon Tsuntsu: Na makara, amma bari in koma kan tambayar farko, don ita ce ba a amsa ba. Ni ina bayan Baban Hanif ɗari bisa ɗari. Wanda yake son nishaɗi da iska a fuska ya hau jirgin fanka, ba laifi. Wanda yake son ganin halitta ya sauka ya taka. A kan titin Tamiyamin nan dai akwai Shark Valley, hanya ce ta kilomita 24 da ta zagaya cikin fadamar, ana bi da keke ko wata motar gandun mai tafiya a hankali, a tsakiya akwai hasumiya. Da rani sai ka riƙa kauce wa kada a kan kwalta. Ta wajen garin Homestead kuma akwai gajeriyar hanyar katako a kan ruwa, Anhinga Trail, sunan wani tsuntsu ne mai dogon wuya da ke nutso ya soke kifi da baki, sannan ya hau reshe ya shanya fukafukai. A nan za ka ga zalɓe iri-iri a tsaye ba ya ko motsi. Akwai wani shaho a fadamar da kusan ba ya cin komai sai dodon koɗi guda iri ɗaya, bakinsa a lanƙwashe daidai zaro shi. In ruwa ya yi yawa ko ya yi kaɗan dodon koɗin ya ragu, shi ma ya shiga uku. Irin wannan ba a ganinsa a guje.

Kuma Kawu, albishirinka: balbelarmu tana can. Daga Afirka ta tsallaka teku da kanta zuwa Kudancin Amurka, daga baya ta haura Fulorida wajen tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Tana nan tana bin shanu kamar yadda ta saba.

Kawu Na Gashuwa: Goro! Ita ko biza ba ta nema ba.

Anti Mai Jinya: Baƙon da ya zo da kansa bai yi ɓarna ba, wanda aka kawo ne ya yi. Ba wanda ya ambaci mesa. Mutane suka riƙa sayo 'ya'yan mesar ƙasar Bama suna ajiyewa a gida don sha'awa, in ta girma ta fi ƙarfinsu su kai ta fadama su saki. Ta hayayyafa ba mai cin ta. Wani bincike da aka fitar a 2012 ya nuna wasu ƙananan dabbobin gandun sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100, zomaye kuwa kusan an daina ganinsu. Yanzu har biyan mafarauta ake yi, ana kuma shirya gasar kamunta. Don haka Baban Hanif, shirun da ka ji da aka kashe inji, wani ɓangarensa ba na lafiya ba ne.

Ɗan Auta: A ba mafarautanmu biza su ashirin da karnukansu, wata shida an gama.

Mai Kallon Tsuntsu: Auta, karnukan ne za su fara ƙarewa.

Injiniyan Ruwa: Kafin a yanke wa jirgin hukunci, a tuna da ranar da ake nemansa. A Disambar 1972 wani jirgin sama ya faɗi cikin Everglades da dare, kuma cikin waɗanda suka fara isa wurin har da mai farautar kwaɗi a jirgin fankarsa, ya yi ta kwaso mutane. A 2005 da guguwar Katrina ta nutsar da New Orleans, irin jiragen nan sun fitar da jama'a da yawa daga unguwanni, don suna bi ta kan shinge da tarkacen da zai karya farfelar jirgin ruwa na yau da kullum. Da ruwan Alau ya shiga Maiduguri a Satumbar 2024 na yi ta tunaninsu.

Kawu Na Gashuwa: Don ceto, na yarda, a kawo goma. Amma kar wani ya ji wannan hira ya ce zai kawo shi fadamarmu ta Dagona, matattarar tsuntsaye, yawon buɗe ido. Tsuntsayen nan da ke zuwa mana daga Turai da sanyi, hutawa suke zuwa yi. Ga kuma namu na gida, dinya da kirinjijiya. Ka tayar da wannan fanka sau ɗaya, sai dai ka kalli ruwa. Kuma a farashin fetur na yanzu wa zai ciyar da injin? Baban Hanif, in ka dawo ka zo Gashuwa da sanyi. Zan sa yaro ya tura mu da gora tun asuba, ba abin toshe kunne, ba tikiti.

Baban Hanif: Kawu na karɓa, in Allah ya kai mu Janairu. Anti, jirginmu sai Laraba. In na samu mota gobe zan gwada Shark Valley ɗin da keke, ko da damina ce.

Anti Mai Jinya: Ka fita da sassafe kafin hadarin la'asar, ka ɗauki ruwa da yawa da maganin sauro, ka sa riga mai dogon hannu. In ka ga kada a kan hanya kar ka tsaya ɗaukar hoto a gabansa, ka ba shi fili. Daga can kuma ka biyo ta gidana, akwai tuwo da miyar kuka, na ga alama kwana biyu burodi ya ishe ka.

Ɗan Auta: Yaya, keken dai yana da burki ko? A duba kafin a hau.